Darasi na 9: Lambobin Rabo da Yadda Ake Gane Su

Lambobin ƙidaya, wato 1, 2, 3 zuwa sama, sun ishi mai ƙirga awaki ko buhunan masara. Amma a ce lemo uku za a raba wa yara huɗu, ko tela ya ce sai yadi biyu da rabi rigar za ta fita, ko malami ya zauna rabon gado, nan take za a ga ba su kai ba. Babu lambar ƙidayar da za ta faɗi rabon kowane yaro daga lemon nan uku, domin ya wuce sifili, bai kuma kai ɗaya ba. Lambobin da ke cike wannan giɓi su ne lambobin rabo.

Abu biyu ake so ku riƙe a wannan darasi. Na farko ma'anar lambar rabo. Na biyu, idan aka ajiye muku lamba, ko da wace irin shiga ta zo, ku iya cewa ta rabo ce ko ba ta rabo ba ce, ku kuma kawo dalili.

Ma'ana

Ku tuna cikakkun lambobi da muka yi a baya: sifili, da lambobin ƙidaya, da takwarorinsu na ƙasa da sifili masu alamar ɗebewa, irin su −1, −2, −30. To ga ma'anar:

Lambar rabo ita ce duk lambar da za a iya rubutawa a matsayin cikakkiyar lamba bisa wata cikakkiyar lamba, muddin ta ƙasa ba sifili ba ce.

Masu lissafi sukan taƙaita wannan su rubuta a/b, inda a da b duk cikakku ne, b kuma ba 0 ba. Idan kun ga harafin Q a littafin lissafi, dangin waɗannan lambobi gaba ɗaya ake nufi.

Ana karanta 3/4 "uku bisa huɗu" ko "kashi uku cikin huɗu". Lambar ƙasa tana faɗin gida nawa aka raba abu, ta sama tana faɗin nawa aka ɗauka. Ana kuma iya fahimtar 3/4 a matsayin 3 da aka raba gida 4, kuma duk hanya ɗaya ce. A yanka kowane lemo gida huɗu, an sami yanka 12, kowane yaro ya ɗauki 3. Kowane yanka kwata ne, saboda haka rabon yaro kwata uku, wato 3/4.

Ku lura da kyau, ma'anar ba ta ce dole sai an ga lambar a rubuce da layi a tsakiya ba. Sharaɗin shi ne a iya mayar da ita haka. Yawancin kuskuren ɗalibai a wannan babi daga mantawa da wannan yake tasowa.

Kun daɗe kuna aiki da su

Rabi shi ne 1/2, sulusi 1/3, rubu'i ko kwata 1/4, humusi 1/5, sudusi 1/6, sumuni 1/8, ushuri 1/10. Wanda ya sayi yadi biyu daga turmin atamfa mai yadi shida ya sayi 2/6 na turmin, sulusi ke nan. Dattawan cikinku da suka kashe kuɗi kafin naira ta maye gurbin fam ranar 1 ga Janairun 1973 sun yi wannan lissafi da ka a kasuwa: kwabo 12 ne sule, saboda haka sisi 1/2 ne na sule, taro 1/4, ahu 1/8, kwabo ɗaya kuma 1/12. Sule shi kansa 1/20 ne na fam.

A zakka ma haka. Amfanin gonar da ruwan sama ya shayar ana fitar da 1/10, wanda aka yi wa ban ruwa da wahala 1/20, kuɗin da suka kai nisabi suka shekara kuma 1/40.

Gado ne ya fi nuna aikin waɗannan lambobi. Kason da aka ƙayyade a Suratun Nisa'i guda shida ne: 1/2, 1/4, 1/8, 2/3, 1/3 da 1/6. A ce mutum ya rasu ya bar mata ɗaya, da mahaifiya, da ɗa namiji ɗaya, abin da ya rage bayan biyan bashi da wasiyya kuma naira 2,400,000. Matar tana da 1/8, mahaifiyar 1/6. Don a tara su, sai a nemi lambar da 8 da 6 duk suke shiga ba saura, wato 24. Sumuni ya zama 3/24, sudusi ya zama 4/24, jimla 7/24, ragowar 17/24 na ɗan ne. A kuɗi, matar 300,000, mahaifiyar 400,000, ɗan 1,700,000. Kun ga mun tara lambobin rabo, mun ɗebe, amsar ba ta fita daga danginsu ba. Haka abin yake ko da ninkawa ne ko rabawa, in dai ba da sifili aka raba ba. Ba mamaki Alkhawarizmi, da ya rubuta littafinsa na aljabara a Bagadaza wajen shekara ta 820, ya ba lissafin gado da wasiyya babban kaso a cikinsa.

Tun kafin wannan da nisa mutane suke fama da rabo. Akwai wata takardar lissafi ta tsohuwar Masar da wani magatakarda mai suna Ahmes ya kwafa wajen shekara 1550 kafin haihuwar Annabi Isa, tana nan a gidan tarihi na Birtaniya a Landan. A cikinta an raba burodi 9 ga mutum 10, aka ce kowa ya sami 2/3 da 1/5 da 1/30. Ku tara da kanku bisa 30: 20 da 6 da 1 sun ba da 27/30, wato 9/10. Layin nan da muke ja tsakanin lambar sama da ta ƙasa kuwa, an fara ganinsa ne a rubuce-rubucen Alhassar, wani masanin lissafi na Maroko a ƙarni na 12.

Lambobin rabo da suka ɓad da kama

Shin 7 lambar rabo ce? E, domin 7 daidai take da 7/1. Da wannan kaɗai duk cikakkun lambobi suka shigo: −5 ita ce −5/1, sifili kuma 0/1. Bashi ma yana rabuwa. Mutum biyu da ake bi naira 75 tare, kowa yana kan −75/2.

Yadi 2½ fa? Rabi nawa ne a ciki? Biyar. To 5/2 ke nan.

Lamba mai ɗigo wadda ta ƙare, ita ma ba wuya. A ƙirga lambobin da ke bayan ɗigo: in ɗaya ce a ɗora bisa 10, in biyu ne bisa 100, in uku ne bisa 1000. Saboda haka 0.7 ita ce 7/10, 0.75 ita ce 75/100, 2.125 kuma 2125/1000. 'Yan'uwa na Nijar za su ga littattafansu suna sa waƙafi a gurbin ɗigo, su rubuta 0,75. Lambar dai ɗaya ce.

Kashi cikin ɗari kuwa da ma can bisa 100 yake. Buhun taki da aka rubuta wa 15-15-15, lambar farko tana nufin 15/100 na nauyinsa naitirojin ne, wato kilo 7.5 a buhu mai kilo 50.

Sifili a ƙasa

Me ya sa ma'anar ta hana sifili zama a ƙasa? Rabawa ana gwada ta ne da ninkawa. Mun yarda 6/2 daidai take da 3 saboda 3 sau 2 ya ba da 6. To a ce 6/0 wata lamba ce. Dole idan aka ninka ta sau 0 a sami 6. Amma kowace lamba sau 0 sifili take bayarwa, don haka babu irin wannan lamba. Ke nan 6/0 ba lambar rabo ba ce, ba ma lamba ba ce sam. Kada ku haɗa ta da 0/6, wadda ba ta da wata matsala: ba a kawo komai ba, aka raba wa mutum shida, kowa ya tashi da sifili.

Lamba ɗaya, rubutu daban-daban

1/2 da 2/4 da 50/100 lamba ɗaya ce. In aka ninka sama da ƙasa da lamba guda wadda ba sifili ba, ko aka raba su da ita, ƙimar ba ta canjawa. Taƙaitawa ita ce a yi ta raba sama da ƙasa har ya zama babu lambar da ke shiga dukansu biyu sai 1: 18/24 ta koma 9/12, ta koma 3/4, ta tsaya. In kuna shakka ko biyu daidai suke, ku ninka saman kowace da ƙasan ɗayar. Ga 6/8 da 9/12, 6 sau 12 ya ba da 72, 9 sau 8 ma 72. Daidai suke.

Ko ta ƙare, ko ta yi ta maimaitawa

A nan za mu ɗan daɗe, domin nan ne babbar alamar gane lambar rabo take.

Ku raba 3 gida 8 da hannu. 8 ba ta shiga 3, sai a sa 0 da ɗigo, a mayar da 3 ta zama 30. 8 cikin 30 sau 3, saura 6. 8 cikin 60 sau 7, saura 4. 8 cikin 40 sau 5, ba saura. Aiki ya ƙare: 0.375.

Yanzu ku raba 1 gida 3. 3 cikin 10 sau 3, saura 1. An koma 10, 3 cikin 10 sau 3, saura 1. Ko za ku kwana kuna yi, 0.3333... za ku yi ta samu. Ɗigo ukun nan na ƙarshe suna nufin abin ba ya ƙarewa.

Sai 1 gida 7, wadda ta fi su koyar da mu. Ku rubuta kowane mataki, ku sa ido a kan saura:

7 cikin 10 sau 1, saura 3
7 cikin 30 sau 4, saura 2
7 cikin 20 sau 2, saura 6
7 cikin 60 sau 8, saura 4
7 cikin 40 sau 5, saura 5
7 cikin 50 sau 7, saura 1

Saura 1 ta dawo, kuma da 1 muka fara. Duk abin da ya faru a baya zai sake faruwa bi da bi, saboda haka 1/7 ita ce 0.142857142857... Lambobi shida ne suke zagayowa.

Wannan ba dace ba ne. Idan ana rabawa da 7, saura ba ta iya kai 7, dole ta zama 0, 1, 2, 3, 4, 5 ko 6. In ta zama 0, rabawa ta ƙare. In ba ta zama 0 ba, guda shida kacal suka rage mata, to kafin a wuce mataki shida dole wata ta sake fitowa, kuma da zarar ta fito zagaye ya kama. Wannan hujja tana aiki ga kowace lambar ƙasa. In 13 ce, saura ba ta wuce iri 12. In 97 ce, ba ta wuce iri 96. Zagayen zai iya yin tsawo, amma dole ya zo. Daga nan muka sami ƙa'ida: kowace lambar rabo, in aka rubuta ta da ɗigo, ko dai ta ƙare, ko ta shiga maimaita wani jeri har abada.

Wani lokaci maimaicin ba ya farawa nan da nan. Sudusi shi ne 0.1666..., kwabon da can, 1/12 na sule, shi ne 0.08333... Ba laifi, in dai daga wani wuri jerin ya kama zagaye.

Za a iya sanin wadda za ta ƙare tun kafin a raba. A fara taƙaita lambar, sannan a dubi ta ƙasa. In ba abin da ke cikinta sai 2 da 5 da aka ninka, za ta ƙare, domin 10 ita kanta 2 sau 5 ce, kuma irin wannan lambar ƙasa ana iya ninka ta ta koma 10, ko 100, ko 1000. Ɗauki 1/40 na zakka: 40 ita ce 2 sau 2 sau 2 sau 5, a ninka sama da ƙasa da 25 a sami 25/1000, wato 0.025. Amma in 3 ko 7 ko 11 ko makamantansu suka shiga lambar ƙasa, maimaici ne. Kada a manta da taƙaitawa tukuna. Wanda ya ga 21/30 ya ce ai akwai 3 a cikin 30 ya yi gaggawa, domin 21/30 ita ce 7/10, wato 0.7.

Daga maimaici zuwa a/b

Hanyar tana komowa ta baya ma. Duk lamba mai ɗigo da ke maimaitawa lambar rabo ce, kuma ga yadda ake fito da ita.

Ɗauki 0.272727... Mu kira ta x. Jerin da ke maimaituwa lamba biyu ne, don haka a ninka da 100.

100x = 27.272727...
x = 0.272727...

A ɗebe ta ƙasa daga ta sama. Jelar nan marar iyaka iri ɗaya ce a duka biyun, sai ta share kanta. Abin da ya rage shi ne 99x = 27, ke nan x = 27/99, a taƙaice 3/11. Ku raba 3 gida 11 ku gani.

In jerin lamba ɗaya ne, da 10 ake ninkawa, in uku ne da 1000. In kuma akwai wata lamba a gaba wadda ba ta cikin zagayen, kamar 0.1666..., sai a yi ninki iri biyu: 100x = 16.666..., 10x = 1.666..., bambancinsu 90x = 15, x = 15/90, wato 1/6.

Ku gwada wannan hanya a kan 0.999... Za ku sami 9x = 9, ma'ana x = 1. Ɗalibai da yawa sukan yi gardama a nan, su ce ai da saura kaɗan. Babu saura. Sulusi uku ɗaya ne, kuma 0.333... sau 3 shi ne 0.999...

Lambobin da ba na rabo ba

In da kowace lamba ta rabo ce, da ba mu buƙaci wannan darasi ba. Ku dubi wannan: 0.101001000100001... Bayan kowace 1 ana ƙara sifili ɗaya a kan na baya. Tana da tsari, mutum zai iya faɗin abin da zai biyo, amma babu wani jeri guda da ke zagayowa, ba ta kuma ƙarewa. Bisa ƙa'idar da muka kafa, ba ta rabo ba ce.

Wani zai ce ai wannan ƙirƙirarta aka yi. To ga wadda ke cikin ɗaki. Magina sun san cewa in aka auna ƙafa 3 a jikin bango ɗaya, ƙafa 4 a ɗayan, aka ga tsakaninsu ƙafa 5, kusurwa ta miƙe. Dalili shi ne 3 sau 3 da 4 sau 4 sun ba da 25, wato 5 sau 5. A yi wannan lissafi a kan murabba'i mai mita 1 kowane gefe: 1 sau 1 da 1 sau 1 sun ba da 2. Ke nan layin da ya ratsa daga kusurwa zuwa kusurwa tsawonsa wata lamba ce da in aka ninka ta da kanta za a sami 2. Ita ake kira tushen 2, ana rubuta ta √2.

Mu neme ta cikin lambobin rabo. 7/5 sau kanta 49/25 ne, wato 1.96, bai kai ba. 17/12 ta ba da 289/144, ya ɗan wuce 2. 99/70 ta ba da 9801/4900, da an sami 9800 a sama da an dace, amma ɗaya ta yi yawa. Kullum ana matsowa, ba a taɓa dira a kai ba. Malaman Girka mabiya Pythagoras ne suka gano, wajen ƙarni na 5 kafin haihuwar Annabi Isa, cewa ba za a taɓa dacewa ba. Ga wata hujja da za ku iya bi da fensir.

A ce √2 daidai take da a/b, an kuma taƙaita ta iyakar taƙaitawa. Ke nan a sau a daidai yake da ninki biyu na b sau b. Yanzu ku dubi lambar ƙarshe kawai. Duk cikakkiyar lambar da aka ninka da kanta, amsar tana ƙarewa ne da 0, 1, 4, 5, 6 ko 9. Ku gwada daga 0 zuwa 9 ku tabbatar. In aka ninka irin wannan amsa sau 2, za ta ƙare da 0, 2 ko 8. Ɓangarorin biyu daidai suke, don haka lambarsu ta ƙarshe ɗaya ce, kuma 0 ce kaɗai ta fito a jerin biyu. In a sau a ya ƙare da 0, to a kanta da 0 ta ƙare. In ninki biyu na b sau b ya ƙare da 0, to b da 0 ko 5 ta ƙare. Ashe 5 tana shiga a, tana shiga b. Amma mun ce an gama taƙaitawa. Magana ta ci karo da kanta, saboda haka babu irin wannan a/b. √2 tana farawa da 1.41421356..., ba ta ƙarewa, ba ta maimaitawa.

Akwai ƙa'ida mai sauƙi a nan: tushen lambar ƙidaya, ko dai ya fito cikakke, ko kuma ba na rabo ba ne. √49 ita ce 7, ta rabo ce. √50 ta faɗa tsakanin 7 da 8, ba ta rabo ba ce. Filin gida mai ƙafa 50 da 100, in aka ja igiya daga kusurwa zuwa kusurwa, tsawonta √12500 ne. 111 sau 111 ya ba da 12,321, 112 sau 112 ya ba da 12,544, ta faɗa tsakani, don haka ita ma ba ta rabo ba ce. Mai awo zai ce ƙafa 111.8 ya wuce, kuma ya yi daidai a aikinsa, domin duk abin da aka karanta a jikin ma'auni lambar rabo ce da ta kusanci gaskiyar tsawon.

Ɗaya sananniyar ita ce π, ana kiranta "pai". Ita ce amsar da ake samu in aka raba kewayen da'ira da faɗinta, ko bakin rijiya ne ko faifai. Masanin lissafi Johann Lambert ya tabbatar a 1761 cewa ba ta rabo ba ce.

Wuraren da ake zamewa

A makaranta akan ce a ɗauki π a matsayin 22/7, har wasu suka ɗauka abu ɗaya ne. A'a. 22/7 lambar rabo ce, 3.142857..., π kuwa 3.141592... Tun a lamba ta uku bayan ɗigo suka rabu. Masanin lissafi Archimedes ya nuna tun ƙarni na 3 kafin haihuwar Annabi Isa cewa π ba ta kai 22/7 ba, ta kuma fi 223/71.

Layi a tsakiya ba shaida ba ne. √2/2 tana da sama da ƙasa, amma ta saman ba cikakkiya ba ce, kuma ba yadda za a gyara ta ta zama haka. Alamar tushe ma ba shaida ba ce. √0.25 ita ce 0.5, √(4/9) ita ce 2/3, √8/√2 kuma √4 ce, wato 2. A fara warware lamba tukuna kafin a yanke mata hukunci.

Kalkuleta kuwa, a ganina ita ta fi ruɗar ɗalibai a wannan babi. Ƙaramar kalkuleta mai gurbi takwas za ta nuna 1/17 a matsayin 0.0588235, ba alamar maimaici, alhali zagayenta lamba 16 ne, allon ne bai ɗauke shi ba. Za ta kuma nuna √2 a matsayin 1.4142135, kamar ta ƙare, alhali yanke ta aka yi. Na'urar tana da amfani wajen gwada amsa, amma ba ta iya gaya muku ko lamba ta rabo ce. Wannan sai an koma ga ma'ana: za a iya rubuta ta cikakkiya bisa cikakkiya ko ba za a iya ba?

Aiki

1. Ku rubuta kowace a matsayin a/b, ku taƙaita: 9, −4, 0, 3½, 0.6, 1.25, kashi 35 cikin ɗari.

2. Ba tare da kun raba ba, ku faɗi waɗanda za su ƙare da waɗanda za su maimaita: 7/20; 5/12; 9/15; 11/64; 4/21.

3. Ku mayar da waɗannan a/b: 0.777...; 0.454545...; 0.8333...

4. Wace ce ta rabo, wace ce ba ta rabo ba, wace ce kuma ba lamba ba? √36, √20, 22/7, π, 5/0, √(9/16), √18/√2, 0.121221222122221...

5. Manomi ya sami buhu 47 na gero a noman damina. Ku rubuta ushurinsa a matsayin a/b, sannan da ɗigo. Da a ce buhu 47 na alkama ne ta noman rani da aka shayar da injin ban ruwa, nawa zai fitar?

6. Ku raba 1 gida 13 da hannu, kuna rubuta saura a kowane mataki. A mataki na nawa saura 1 ta dawo?

Ku ajiye kalkuleta a tambaya ta 2 da ta 6. Ku zo zama mai zuwa da amsoshinku a rubuce, kowace amsa da dalilinta a gefe, domin a allo za mu bi su ɗaya bayan ɗaya kafin mu shiga jera lambobin rabo daga ƙarama zuwa babba.